Laifin Zubairu

A wani shagon intanet da ke Kawo an gano cewa jerin sunayen masu neman aiki ma yana da 'yan gata. Abubakar yana shafi na 1. Kafin ya gyara zama, sunansa ya fito. Zubairu kuwa yana can shafi na 900. Da an danna, sai rumbun bayanai ya koma farko, ya ƙirga kowa ɗaya bayan ɗaya, ya watsar, sannan ya miƙo mutum 20. Tarbiyya ce, ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Masana sun ce a sa fihirisa, a riƙe sunan ƙarshe da aka nuna, a ci gaba daga nan. Zubairu dai ya aika a ƙaro masa shayi, ya kuma rantse ɗansa na fari Abba za a raɗa masa.