Gamsasshen Bayani Kan Tsayuwar Tayoyin Baya a Ƙananan Motocin Tsere

Masana sun haɗu a kan cewa ƙaramar mota ba ta kifewa haka siddan. Duk wadda ta wuntsila akwai dalili, kuma galibi dalilin yana baya, wurin da mai ita ba ya dubawa saboda hankalinsa ya tafi kan fitilun gaba. Wannan fasali zai warware yadda ya kamata tayoyin baya su tsaya, musamman a masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda rairayi ba ya raga wa babbar mota balle ƙarama.

Motocin da ake magana a kansu kashi uku ne. Na farko motar rimot ta ainihi, wadda aka ƙera don tsere a turɓaya. Kamfanin Tamiya na Japan ya fito da Grasshopper a 1984, Team Associated na Amurka kuma ya fito da RC10 a shekarar, kowace tsawonta kashi ɗaya cikin goma na mota ta gaske. Akwai ƙungiyar duniya mai kula da wannan tsere, IFMAR, tun 1979. Ya kamata ɗalibi ya sani cewa masu wannan harka magidanta ne, wasunsu da furfura, suna durƙusawa da ma'auni a hannu suna auna tayar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Kashi na biyu motar Sallah ce, wadda kawu ke sayowa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗe tayoyinta na baya, babu abin kwancewa babu na ɗaurewa. Hukuncinta shi ne a tuƙa ta a kan siminti har batir ya mutu, daga nan a ɗaura mata zare, ta koma kashi na uku.

Kashi na ukun shi ne motar langa-langa da ta gwangwani da ta kara, mai tayoyin tsohuwar silifa, wadda ake tuƙawa da doguwar sanda mai sitiyari. Wasu sun ce ba ta cikin wannan babi domin ba ta da rimot. Magana mafi rinjaye ita ce tana ciki, tunda direba yana sarrafa ta daga nesa, kuma har yau ba a ji sabis ɗin sanda ya ɗauke ba.

Mas'ala ta farko, kuma uwar sauran, ita ce inda tayoyin baya suka dosa. Wanda bai sani ba zai ɗauka a miƙe ya kamata su tsaya. Ba haka ba ne. A motar tsere ana ɗan karkatar da goshin kowace taya zuwa ciki, kamar digiri 3. Hikimar ita ce kowace taya tana tura motar zuwa tsakiya, ta dama ta tura hagu, ta hagu ta tura dama, sai bayan motar ya natsu, ba ya wutsil-wutsil idan aka ba ta wuta a ƙasa mai santsi. Idan aka wuce gona da iri kuma, tayoyin sai su riƙa kankarar ƙasa, gudu ya ragu, kwana ta yi nauyi. Idan aka karkatar da su waje, motar za ta zaɓi hanyarta da kanta, kuma bincike ya nuna ta fi son kwata.

A motar langa-langa ana samun wannan ne ta hanyar lanƙwasa bakin wayar da taya ke juyawa a kanta zuwa gaba, kaɗan. Digiri 3 kusan milimita 1 ne a kowace milimita 20. Injiniyan da ba shi da ma'auni yakan yi amfani da dutse, ya buga sau ɗaya, ya kanne ido ɗaya ya duba. Sharaɗin shi ne wayar ta kasance a kafe, taya ce ke juyawa. Wanda ya lanƙwasa wayar da ke juyawa tare da taya, ya samar wa motarsa ɗingishi na har abada, kuma babu bakaniken da zai karɓe ta.

Sai jinginar taya. Idan ka tsugunna a bayan motar tsere za ka ga tayoyin sun yi gwame, sama ya matso ciki, ƙasa ya buɗe, da digiri 1 zuwa 2. Dalili kuwa, idan mota ta shiga kwana jikinta yana kwantawa waje, sai tayar waje ta miƙe ta taka ƙasa da dukkan faɗinta a daidai lokacin da ake buƙatarta. A nan motar silifa ta yi wa ta Japan fintinkau, domin ramin da aka huda da ƙusa mai zafi yana faɗaɗa da kansa, gwamen ya zo ba tare da an nema ba. Matsalar kawai ba ya sanin inda zai tsaya. Idan saman taya ya fara gogar bodi, lokacin neman wata silifar ya yi.

Game da shokozoba, masu motar rimot suna zuba mata man silikon. Mai kauri yana hana jiki kwanciya da sauri, ya kuma tare ta idan ta diro daga tudu. Mai ruwa-ruwa yana barin taya ta bi gargada. Akwai kuma kusurwar da ke hana gindin mota durƙushewa idan ta zabura. Ba za mu tsawaita a kanta ba, domin motar sanda ba ta zabura sai direbanta ya zabura. Shokozobarta robar tsohuwar tayar keke ce, kauri da laushinta kuwa ya danganta da yawan naɗi.

A nan ne aka samu saɓani. Ɗaliban Maigatari, waɗanda ke ganin tirelolin shanu da raƙuma suna lodi a kasuwar Alhamis ta bakin iyaka, sun tafi a kan cewa motar da ba ta ɗauki kaya ba ba mota ba ce. Suna loda mata goruba da tsakuwa har gindinta ya taɓa ƙasa, sannan su ƙara naɗin roba. Hujjarsu tana da ƙarfi fiye da yadda suke zato: sandar tuƙi tana danne gaban mota ne, baya ya zama sakayau, don haka ɗan nauyi a baya yana sa tayoyin su kama ƙasa. Kuskurensu shi ne ɗora kayan a sama maimakon a ƙasa, abin da ke kifar da manyan motoci ma a hanyar Kano. Mutanen Gagarawa kuwa, da yake layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa ƙasarsu, sun fi karkata ga cewa abin hawa na ƙwarai ba ya buƙatar kwana kwata-kwata. Wannan ra'ayi ne mai daraja, amma lungunan gari ba su amince da shi ba.

Duk wanda zai yi gyara, ya canza abu ɗaya tak, ya gwada, sannan ya taɓa na biyu. Wannan ƙa'ida ce da masu gasar duniya suke bi. Wanda ya lanƙwasa waya, ya ƙara roba, ya sauya taya a zama ɗaya, idan mota ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, idan ta lalace kuma zai ɗora wa ƙaninsa. A yi gwajin da hantsi a fili mai tauri, ba a kan jigawa ba, domin a can kowace mota nutsewa take, har da ta rimot, wadda ke haƙa wa kanta rami da tayoyinta sannan ta zauna a ciki tana kuka.

Saura mas'alar tayar da aka yanko daga silifar da mai ita bai gama da ita ba, musamman idan ta Inna ce. Masana ba su yi saɓani a nan ba. Irin wannan taya ta fi kowace kauri da daidaito, amma babu kusurwar da ke da amfani a ranar, sai dai direba ya ajiye motar ya dogara da tsayuwar nasa ƙafafun.