Maimaita Masa, Sannan Ka Ja Bakinka

Na san ku, mutanen Nyanya. Wanda ke fita tun da asuba don ya tsere wa cunkoson Kugbo ba shi da lokacin dabarun Turawa. Daga cewa maimaita wa mutum maganarsa na sa ya saki jiki, har wani ya taɓe baki: "Malam, 'yan amshin Shata za ka mai da mu?"

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Chris Voss, wanda ya yi shekaru yana lallashin masu garkuwa da mutane a hukumar FBI ta Amurka, ya faɗi yadda ake yi a littafinsa na 2016: ka ɗauki kalma ɗaya zuwa uku na ƙarshen zancen mutum, ka mayar masa cikin muryar tambaya, ka yi shiru. Shirun ne zai kayar da ku, na sani.

Gwada ranar Laraba a kasuwa, gaban mai doya.

"Alhaji, ba ragi."

"Ba ragi?"

Kada ka ƙara ko tari. Zai gyara hula ya ce ai kuɗin mota ne ya tashi. "Kuɗin mota?" Sai ka ji labarin direba da 'yan dako, har ya kai ga cewa waccan ta gefe tsohon kaya ce, ita kam za a duba maka. Ba ka taya ba, ba a ce maka albarka ba.

A Holan, binciken Rick van Baaren na 2003 ya nuna masu kai abinci da ke maimaita abin da baƙo ya ce a kawo masa sun fi samun tukuici. Na ji ka, Holan ba Mararaba ba ce. To, uwargida fa? Ta ce "Na gaji da gidan nan," kai kuma ka ɗauko huɗubar kuɗin haya. Da ka ce "Kin gaji?" da ka ji ashe mai ruwa ne bai zo ba.

Amma kalmomi na ce, ban ce karin harshe ba. Ka kwaikwayi Hausar maƙwabcinka Bagwari, raini zai ɗauka, kuma da gaskiyarsa. Kwandasta ma ku cire shi a lissafi. In ya ce ba canji, ka ce "Ba canji?", zai ce "Ba canji!" ya buga jikin mota, direba ya ja.