Yadda Ake Riƙon Yaron Aro Daga Kan Bencin Majalisa

A kowace majalisar ƙwallo akwai yaron da ya fi kowa iya taka leda, kuma shi ne wanda babu mai iya rantsewa ya taɓa kallon wasansa daga farko har ƙarshe. Ƙungiyarku ta saye shi yana ɗan shekara 18, aka ɗauke shi hoto riƙe da riga, kafin mako ya zagayo aka tura shi aro wani gari a Beljiyam ko Holan, inda ko mai gidan kallo bai san tashar da ke nuna wasanninsu ba. Daga ranar ya zama maganin kowace cuta. In aka zura muku uku, ai da yaron nan yana nan da ba a yi haka ba. In ɗan wasan gabanku ya harba ƙwallo sama shi da raga, ai yaron nan ko ido rufe zai ci. Ina son irin wannan ƙaunar, domin ita ce gishirin hirar dare a teburin mai shayi. Sai dai riƙo yana da ka'ida, ko da daga nesa ake yin sa, kuma ga ta.

Fara da sanin inda yaron yake. "Yana Turai" ba adireshi ba ne. Ka san sunan ƙungiyar, ka san ko rukunin farko take ko na biyu, ka san ko kofi take nema ko gudun faɗuwa take yi, sannan ka riƙa sabunta iliminka duk wata shida, don 'yan aro ba su da zama. Dubi Sadiq Umar, ɗan Kaduna. Yana hannun Roma ya je Bologna, ya je Torino, ya je NAC Breda, ya je Rangers, ya je Perugia, ya ƙare a Partizan ta ƙasar Sabiya. Wanda ya yi sakaci na kaka guda, sai ya tashi a majalisa yana yaba ƙoƙarin yaron a ƙasar da ya bari tun bara, wani ɗan ƙaramin yaro mai waya a hannu ya ce masa, "Baba, ai ya tashi daga nan." Babu abin da ke zubar da girman dattijo a gidan kallo kamar wannan.

Da ka san inda yake, sai babbar ka'ida, wadda in ka riƙe ta kaɗai ma ta ishe ka: ka ƙirga mintuna, ka ƙyale bidiyo. Za a turo maka ɗan guntun bidiyo na daƙiƙa arba'in, an sa masa kiɗa mai tada tsikar jiki, yaron ya yanke mutum biyu, ya ɗaga wa na uku ƙwallo ta kai. Kalli abinka ka ji daɗi, datarka ce. Amma kafin ka tura wa jama'a, tambayi wanda ya turo: a minti na nawa ya shigo? Ana ci nawa lokacin? Makon da ya wuce ya buga? Yanka ukun da ke cikin bidiyon sau da yawa daga wasanni goma aka tsinto su, kamar mai tallan tumatir da ya jera jajayen a saman kwando. Dalilin tura yaro aro shi ne ya yi ta bugawa, ya sha duka daga manyan 'yan baya masu iyali da ke neman abincin gidansu, ya koyi gudu a minti na 85 lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Yaron da ke fara wasa duk mako a ƙungiyar da ke ta goma sha biyu a teburi ya fi wanda ke ɗumama benci a babbar ƙungiya samun abin da aka tura shi nema.

Labarin Victor Osimhen ya isa hujja. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile, Najeriya ta ɗauki kofin. Ya tafi Wolfsburg ta Jamus, ya buga wasa 16, yawanci daga benci, bai ci ko ɗaya ba. A lokacin majalisu da dama sun riga sun yi masa sallah sun binne. A 2018 aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam, ƙungiyar da mafi yawanmu sai a lokacin muka fara jin sunanta. Suka sa shi yana bugawa, ya ci ƙwallo 20 a kaka guda. Daga nan Lille, daga nan Napoli, inda ya ci 26 a gasar Italiya a kakar da suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1990. Ƙafar da ta ƙi ci a Jamus ita ce ta ci a Beljiyam, fili kawai aka ba ta.

Sannan ka binciki dalilin da ya sa aka tura shi, domin ba kowane aro ne makaranta ba. Akwai na gaskiya, irin na William Saliba, wanda Arsenal ta saya a 2019 ta bar shi a Saint-Étienne, ta tura shi Nice, ta tura shi Marseille, har magoya baya suka fara zargin an manta da shi. Yana can aro Faransa ta fara kiransa babbar tawaga, kuma da ya dawo a 2022 kai tsaye ya shiga cikin sha ɗayan farko. Akwai na takarda. Taiwo Awoniyi ya sa hannu a Liverpool a 2015, amma rashin izinin aiki a Ingila ya sa ya yi aro sau bakwai tsakanin Jamus da Holan da Beljiyam, ya bar ƙungiyar a 2021 bai buga mata wasan gasa ko guda ba. Duk wanda ya shekara shida yana zagin kocin Liverpool kan ƙin sa yaron, bai san inda matsalar take ba. Akwai kuma aron da kasa kaya ne a kasuwa. Folarin Balogun ya ci ƙwallo 21 a gasar Faransa yana aro a Reims, 'yan Arsenal suna ta share masa wuri, sai ji suka yi an sayar da shi ga Monaco. Saboda haka ka saurari kalmomin yarjejeniya da kyau. In an ce aro da zaɓin saye, to ƙafarsa ɗaya tana waje. In an ce aro da sharaɗin dole a saya, fara yi masa addu'ar alheri, ka cire hotonsa daga fuskar wayarka a hankali.

In kana so a ba ka kujera mai jingina a majalisa, riƙe wannan: tun 2022 FIFA ta sa iyaka ga yawan 'yan wasan da ƙungiya za ta tura aro ƙasashen waje, aka fara da takwas, aka sauko bakwai, daga 2024 ya zama shida, ban da yaran da ba su wuce shekara 21 ba waɗanda ƙungiyar ce ta raine su. Kuma yarjejeniyar aro ba ta wuce shekara guda. Zamanin da Chelsea ke da tarin yara a waje har Vitesse ta Holan ta zama kamar ɗakinta na baƙi, an rage masa ƙarfi. Faɗi wannan sau ɗaya, cikin natsuwa, sannan ka kurɓi shayinka.

Game da zafin zuciya, iri biyu ne, kuma dukansu a kiyaye. Na farko shi ne "a dawo da shi yanzu-yanzu" bayan ƙwallo guda. Ɗan'uwa, ba kowace yarjejeniya ce ke ba da damar janye yaro a watan Janairu ba, kuma in an janye shi ya dawo ya zauna a benci, an cuce shi an cuci ƙungiyar da ta riƙe shi. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mu a ƙwallo mun yi rangwame, kaka guda cikakkiya kawai muke roƙo. Na biyu shi ne yanke ƙauna saboda kuskure guda. A Nuwamban 2020 Ademola Lookman, yana aro a Fulham, ya samu fenariti a ƙarshen wasa da West Ham, ya ce zai ɗaga ta a hankali ta tsakiyar raga, mai tsaron gida ya tsaya ya cafe abinsa kamar an miƙa masa. Duniya ta yi masa dariya. A Mayun 2024 shi ne ya ci wa Atalanta uku rigis a wasan ƙarshe na gasar Europa, a kan Leverkusen da ba a doke ta ba duk kakar, kuma a ƙarshen shekarar aka naɗa shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Idan bakinka ya yi ƙaiƙayin cewa "wannan ba zai yi ba", waiwaya ka dubi ɗan Chelsea da ke kusa da kai, ka ambaci Salah da De Bruyne a hankali, yaran da ƙungiyarsa ta yi saurin rabuwa da su. Yanayin fuskarsa zai koya maka haƙuri. Kada ka maimaita sunayen, makoki ba a tsawaita shi.

Yanzu ga lokacin da ya fi gwada hankalin mutum, wato hutun wasannin ƙasa da ƙasa. Mako biyu babu Firimiya, babu La Liga, gidan kallo ya yi shiru, mai janareta yana hutawa, majalisa ta bushe. A irin wannan fari ne labarin yaran aro ke tsada, kuma a nan ake yin manyan kurakurai. Yaro ya ci biyu a tawagar 'yan ƙasa da shekara 21, kafin sallar isha an sa masa farashin fam miliyan ɗari. Tambayi wa aka ci. A 2022 Najeriya ta zura wa Sao Tome ƙwallo 10 babu ko ɗaya, kuma dukanmu mun ji daɗi, amma babu mai hankalin da ya ɗauki wannan sakamako ya auna yadda za a yi da Kamaru ko Senegal. Ƙwallon da aka ci a wasan sada zumunta bayan an canza mutum shida ba ɗaya take da wadda aka ci a wasan neman gurbi a filin abokan gaba, rana tsaka, 'yan kallo suna ihu a kanka.

Amma kada wannan ya sa ka raina rigar ƙasa, domin sau da yawa ita ke nuna abin da ƙungiya ta kasa gani. Kenneth Omeruo ya shekara bakwai a littafin Chelsea bai buga mata wasan gasa ba, amma yana ɗan shekara 19, yana aro a ADO Den Haag, marigayi Stephen Keshi ya tsayar da shi a tsakiyar baya har Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a 2013. Sadiq Umar da ke yawo daga gari zuwa gari shi ya ci biyu a wasan da ya kawo mana tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Ahmed Musa ya rasa wuri a Leicester, ya koma CSKA Moscow aro a Janairun 2018, ya dawo da ƙarfinsa, bayan wata biyar ya ci Aisland biyu a gasar cin kofin duniya. Wanda ya kalli wannan wasa a Kano ko Jos ya san yadda titi ya cika a yammacin ranar.

Shi ya sa nake roƙon ka da wata alfarma, kuma da gaske nake. Kada ka yi addu'ar kada ƙasa ta gayyaci yaronku don tsoron rauni. Tsoron yana da tushe, ban musa ba. Gavi ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan Sifaniya da Jojiya a Nuwamban 2023 yana ɗan shekara 19, ya rasa sauran kakar. Pedri ya buga wasa 73 a kaka guda tsakanin Barcelona da Sifaniya, har da gasar Turai da Olamfik, jikinsa ya daɗe yana biyan bashin. Ka yi fushi da masu cika jadawali, ka yi fushi da kocin da ya bar yaro minti casa'in a wasan da aka riga aka gama. Amma yaron da ya tsaya ana rera taken ƙasarsa, mahaifiyarsa tana kallo a talabijin, ya kai wurin da ya yi mafarki tun yana buga ƙwallon tsumma babu takalmi. Ka ce Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, ka ƙara da Allah ya ba shi ƙwallo. Kuma kafin ka ce "namu ne" don ka ji sunan gida a bayan rigarsa, bincika wace ƙasa ya zaɓa. Lookman ya ɗauki kofin duniya na matasa da Ingila a 2017 sannan ya dawo mana a 2022, Balogun kuwa Amurka ya nufa.

Saura shiri na ƙarshe, na ranar da yaron zai fuskance ku. A Firimiya doka ta hana ɗan aro buga wasa da ƙungiyar da ta ba da shi, to a can kana iya barci. A gasar Zakarun Turai babu wannan kariya. Courtois yana aro a Atletico ya tsaya a raga aka fitar da Chelsea a wasan kusa da na ƙarshe a 2014. Coutinho yana aro a Bayern ya shigo daga benci ya ƙara wa Barcelona biyu a daren 8 da 2. Wanda aka sayar kuwa babu dokar da ta ɗaure shi ko a ina: a Oktoban 2022 Nottingham Forest ta ci Liverpool ɗaya mai ban haushi, kuma Awoniyi ne ya ci.

In irin wannan dare ya same ka, kada ka sulale ta ƙofar baya, kada ka kashe waya. Zauna a bencinka har a tashi wasa. Za su taso maka, wanda ka daɗe kana cika wa kunne da labarin yaron zai zo ya dafa kafaɗarka ya ce, "Malam, yaronka fa ya yi ƙoƙari." Ka ce masa, "Ai na gaya muku." Sannan ka juya wajen mai shayi ka ce ya haɗa wa kowa, mai kauri, da burodi da ƙwai, a rubuta a sunanka.