Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Beguwa ta Gindin Dutse

Ranki ya daɗe, gaisuwa mai yawa gare ki, da maigidan, da yara. Mun san a gidanku ba a yin kishiya, miji ɗaya mace ɗaya. Allah ya bar ku tare.

Bayan haka, maganar rogo ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Hajiya, ci ba laifi ba ne. Abin da ke ƙona mana rai ɗanɗane ne: ki tone gindi, ki gutsiri saiwa guda, ki bar saura a fili rana ta busar, ki zarce kunyar dankali ki maimaita. Ko mai sayen goro ba ya sa wa kowace ƙwaya haƙori kafin ya biya. Tiyon ban-ruwa kuma me ya tsare miki? Mun ji haƙoranki na gaba ba sa daina tsiro, gādo ne daga danginki su ɓera, dole ki sami abin gurza su. To ƙasusuwan da kike tarawa a raminki ai sun isa.

Sai dai a wuri ɗaya muna bayanki: ƙazafi ake miki da ake cewa kina harba kibiya. Ba kya harbi. Sai kin tayar da ƙaya, kin kaɗa wutsiya ta yi kacau-kacau, kin buga ƙafa, sannan wanda ya ƙi ji ki taho masa da baya. Karnukanmu ne marasa kunne. Ƙaya mai tsawon santimita 30, wadda zaki kansa kan kwana yana jinyarta, ina ga kare? Daga yau a ɗaure za su riƙa kwana.

Samari sun so a zuba guba, dattawa suka ce awaki da kaji ne za su riga ki ci. Mafarauta kuwa tuni sun fara lissafin miya, aka ba su haƙuri. Abin da aka tsayar: za mu kewaye gonar da ragar waya, mu binne gindinta cikin ƙasa, don mun san hannunki a haƙa. Tiyo a naɗe shi da magariba, rogon da ya ƙosa a cire shi da wuri. Dajin bayan dutse naki ne, da saiwoyinsa da 'ya'yan itacen da suka faɗo.

Waya ta yi tsada bana, gefen dutse kaɗai muka iya saye. Don girman Allah kada ki zagayo ta gabas.

Naki masu biyayya,
Manoman fadama