Rabe-raben Matafiya a Hanyar Tsofaffin Garuruwan Jamus

A kudancin Jamus akwai wata hanyar mota mai tsawon kilomita 460, wadda ta taso daga birnin Würzburg ta dire a garin Füssen da ke gindin tsaunukan Alps, kuma tun shekarar 1950 ake kiranta Romantische Straße, sunan da aka raɗa mata domin jawo masu yawon buɗe ido bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu. Hanyar tana ratsa garuruwa masu ganuwa da tsofaffin majami'u, tana kuma cika maƙil a hutun Fentikos, wato bikin Kiristoci da ke zuwa mako bakwai bayan Ista, saboda Litinin ɗin da ke biye da shi ranar hutu ce a duk faɗin ƙasar, sai ma'aikaci ya samu kwana uku a jere. A waɗannan kwanaki ne iyalai da abokai kan cusa kansu a mota ɗaya da niyyar ganin abin da magina suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ginawa. Lura ta tsanaki tana nuna cewa mutanen da ke cikin mota guda ba tafiya guda suke yi ba, kuma ana iya karkasa su gida-gida, ko da yake akan samu wanda ya haɗa halin gida biyu shi kaɗai.

Gida na farko shi ne na Madugu, wato mai jadawali, wanda tun mako uku kafin tafiya ya buga takarda mai layi-layi ya raba wa kowa, a cikinta an rubuta ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a ji yunwa, da ƙarfe nawa za a yi mamaki. Fadar Würzburg, wadda bishop-bishop masu riƙe da sarautar garin suka fara ginawa a 1720 bisa tsarin Balthasar Neumann, wadda kuma Tiepolo, gwanin zane daga Italiya, ya ƙawata rufin matakalarta tsakanin 1752 da 1753, minti arba'in da biyar ta samu a takardar Madugu, har da lokacin sayen tikiti. Idonsa yana kan agogo tun daga shiga har fita, kuma maganarsa a bakin kowace ƙofa ita ce: “Jama'a, lokaci fa ba ya jira.” Abubuwa biyu ne ba su taɓa shiga jadawalinsa ba, cunkoson motoci da neman bayi, alhali su biyun ne ke cinye kaso mafi tsoka na kowace rana.

Na biyu shi ne Masani, wanda ya haddace littafin jagora kafin a tashi, yake kuma ganin zunubi ne ya bar ilmin ya kwana a cikinsa. A majami'ar Waliyyi Yakubu da ke Rothenburg akwai wani bagadi, wato teburin ibada mai allon sassaƙa a bayansa, wanda Tilman Riemenschneider ya sassaƙa da katako a farkon ƙarni na 16, yana nuna cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa, ɗaya daga cikinsu mai suna Yahuza kuwa a tsakiyar allon. Masani yakan tsaya a gaban wannan aiki ya juya masa baya, ya fuskanci 'yan tafiyarsa, ya yi bayani da irin raɗar da ake ji har bakin ƙofa, sannan ya fita bai waiwaya ba. A daidai hutun Fentikos ne mutanen garin ke yin wasan kwaikwayon da suka faro a 1881, na tsohon magajin gari Nusch, wanda aka ce a 1631 ya ɗaga tulun giyar inabi fiye da lita uku ya shanye a tashi ɗaya, domin kwamandan yaƙi Tilly ya fasa rushe garin. Masani yakan jira sai daɗin labarin ya ratsa kowa, sannan ya sanar cewa masana tarihi sun ɗauke shi almara.

Gida na uku na Mai Hoto ne, wadda rabonta da ganin gini da ƙwayar idonta tun ranar da ta sayi wayar da ke hannunta. Alƙiblarta a Rothenburg ita ce Plönlein, wata 'yar mararraba inda wani siririn gida mai ruwan ɗorawa da ginshiƙan katako a jikin bangonsa ya tsaya tsakanin hasumiyoyi biyu. Burinta shi ne ta ɗauki wurin ba kowa a ciki, kuma wannan shi ne burin duk sauran ɗaruruwan mutanen da suka cika mararrabar, don haka kowa yake tsaye yana hararar kowa, yana jiran a watse. Idan ta samu abin da take so sai ta miƙa wayar ga na kusa da ita ta ce a ɗauke ta, ta duba, ta yamutsa fuska, ta ce a sake.

Ma'aji shi ne na huɗu, kuma ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa. Yana da ɗan littafi da yake rubuta kuɗin ajiye mota da na shiga bayi a tashoshin babbar hanya, yana kuma ƙaunar majami'u saboda akasarinsu ba a biyan kuɗin shiga, sai dai idan aka zo wucewa ta gaban akwatin sadaka nan take zanen rufi yake ɗauke masa hankali. Wuri ɗaya ne yake taɓa zuciyarsa a duk tafiyar, wato Fuggerei da ke Augsburg, unguwar da attajiri Jakob Fugger ya yi waƙafinta ga mabukata a 1521, inda har yau kuɗin hayar shekara santi 88 ne na Yuro, tare da addu'a uku a kullum domin wanda ya gina da zuriyarsa. Yakan tambayi sharuɗɗan samun gida da gaske, a gaya masa sai mabukaci ɗan ɗarikar Katolika mazaunin Augsburg, daga nan ya lissafa cewa tikitin da ya saya don ya leƙa unguwar ya ninka hayar shekara sau da dama, ya yini ba walwala.

Na biyar shi ne Gwanin Hawa, wanda bai taɓa ganin hasumiya ya ƙyale ta ba. Garin Nördlingen yana zaune ne a cikin wani makeken kwari da wani dutse ya haƙa sa'ad da ya faɗo daga sararin samaniya kimanin shekaru miliyan 15 da suka wuce, ganuwarsa ta kewaye shi ba tsinkewa, a tsakiyarsa kuma akwai majami'ar Waliyyi George da hasumiyarta mai suna Daniel, mai tsayin mita 90 da matakala 350. Gwanin Hawa yakan fara da gudu yana yi wa na ƙasa ba'a, amma kafin ya kai rabi sai sha'awar tsofaffin katakan ginin ta kama shi, ya riƙa tsayawa yana shafa su yana haki. Washegari shi ne ke neman kujerar gaba domin ya miƙe ƙafa.

Acici, na shida, da abinci yake gane garuruwa, kuma a wurinsa Rothenburg ita ce garin Schneeballen, wani dunƙulen soyayyen ƙullin fulawa da ake barbaɗa wa sukari, wanda kyansa a ido ya fi daɗinsa a baki, ɓurɓushinsa kuma yakan zauna a kujerun mota har bayan an manta da tafiyar. Ana yi masa dariya ranar Asabar saboda ƙatuwar jakar guzurin da ya tokare ƙafafun mutane da ita. Dariyar takan ƙare da safiyar Lahadi, domin dokar Jamus ta hana buɗe yawancin kantuna ranar Lahadi da ranakun hutu, sai hannuwa su fara miƙowa daga ko'ina, shi kuwa yana rabawa yana tuna musu cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma Ƙosasshe, wanda daga majami'a ta uku yake yanke hukunci cewa wanda ya ga ɗaya ya ga duka, ya nemi bencin baya ya zauna. Majami'ar Wies, wadda ke tsaye ita kaɗai a cikin makiyaya kusa da ƙarshen hanyar, 'yan'uwa biyu ne, Dominikus da Johann Baptist Zimmermann, suka gina ta suka ƙawata tsakanin 1745 da 1754, bayan an ce an ga hawaye a fuskar wani mutum-mutumin Yesu a 1738, kuma salonta rokoko ne, wato ado mai yawan lanƙwasa da fari da ruwan zinariya. A nan Masani yana bayani, Mai Hoto tana neman kusurwa, Madugu yana nuna agogo, shi kuwa Ƙosasshe ya jingina ƙeya da benci don gajiya, ya zuba wa rufi ido na tsawon minti ashirin. Da haka yakan zama shi kaɗai ya lura da bakan gizon da aka zana a sama, da kuma yadda fenti ya sa rufin da bai da zurfi sosai ya zama kamar ƙubba, ko da yake idan aka tambaye shi cewa zai yi ba laifi.

Na ƙarshe shi ne Direba, wanda ya san tarihin Turai ta filayen ajiye motoci. Tsofaffin garuruwan an gina su ne tun ba a san mota ba, lungunansu matsattsu ne masu daɓen duwatsu, saboda haka yakan sauke jama'a a ƙofar ganuwa ya tafi neman gurbi, ya yi ta kewaye, ya yi fama da na'urar tikiti, ya iso bakin majami'a daidai lokacin da suke fitowa suna cewa ya yi asara.

Duk gidajen nan suna haɗuwa a gidan sarautar Neuschwanstein, wanda Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya ya fara ginawa a 1869 ya rasu a 1886 bai kammala ba. Tikitin shiga yana ɗauke da takamaiman lokaci, wanda ya makara kuma ya rasa, don haka a nan ake yafe wa Madugu duk abin da ya yi. An hana ɗaukar hoto a ciki, Mai Hoto ta fito tana cewa ba abin gani. Hanyar zuwa ƙofar hawa ce, Gwanin Hawa kuma shi ke tambayar inda ake shiga keken doki. Ranar Talata kowannensu zai ba abokan aikinsa labari, a ji tafiye-tafiye takwas da ba su yi kama da juna ba, in ban da cunkoson da aka shiga a babbar hanyar A7 da yammacin Litinin, wanda shi ne abu ɗaya da dukansu suka zauna suka kalla tare daga farko har ƙarshe.