Bakano, Wa Ya Haifi Jarumin Naka?

Bawana Bakano, gaisuwa irin ta ubangida. Littafin da kake rubutawa ya iso hannuna, na kuwa karanta har inda ka tsaya. Labarin bai yi laifi ba, da gani ka ɗan zauna da Zage-zagi ka tsinci abin da ka tsinta. Amma jarumin nan naka, wa ya haife shi? Ka ce sunansa Ashraf Al-Hashimi, Bafulatani fari dogo, jinin sarauta, haifaffen Suleja a 1952. Haba Bakano! Ko mai tallan atamfa a Kantin Kwari ba ya jera wa mutum ƙarya haka a numfashi ɗaya.

Na san inda ka samo Al-Hashimi. Ka ji ina cewa gidanmu yana Hashimi, sai ka ɗauka duk wanda ya kwana a unguwar Basharife ne, ka manna masa "Al" a goshi don littafi ya ƙara kuɗi. Hashimi mazaɓa ce a Suleja, kamar yadda ake da Wambai da Magajiya da Kurmin Sarki. In Sharifai kake nema, me ya kawo ka Jihar Neja? Ga unguwarsu nan cikin birninku tun zamanin Muhammadu Rumfa. Da ƙafa ma za ka je, kuɗin adaidaita ya huta a aljihu, wanda na san shi ne babban abin da ke hana ka barci.

Batun Fulatanci kuwa na gane cutar. A littattafan kasuwarku namiji ba ya zama jarumi sai hancinsa ya kusa shiga baki, gashi ya kwanta luf, a ce kakarsa daga Yola take. Ka yi wannan a Kano, inda Sulluɓawa ke kan gado tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, babu mai ce maka uffan. Nan gidan sarautarmu na Haɓe ne, kuma dalilin da ya sa aka kafa garin ke nan. Tarihin Abuja da Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta ya nuna Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin idi a bayan ganuwa, a 1804, rundunar mai tuta Malam Musa ta auka wa Zariya. Bai sami komawa gida ba. Ya yi kudu da jama'arsa har Zuba, ƙasar Koro, ya ci gaba da yaƙi har ya rasu a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa Abuja a 1828, garin da masu tuta ba su taɓa ci ba har Turawa suka shigo a 1902. Shi ya sa har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinmu. Naku Sarkin Haɓe Alwali kuwa tun da ya ƙare a Burumburum, shiru kake ji. To in ka ɗauko Bafulatani ka zaunar a wannan gida, ka mai da hijirar Makau yawon shan iska ke nan. Ba na ce Fulani ba su da kyau ba ne, wannan shari'a tsakaninsu da Barebari take, ba ni ciki.

Ni da za ka ji tawa ma, ka sauke shi daga sarautar gaba ɗaya. 'Ya'yan sarki sun yi yawa a littattafanku, har babu sauran wanda zai yi musu fadanci. Ɗauko alƙalami, kai da ka iya lissafi in dai na riba ne. Yaron da aka haifa a 1952, ubansa ya zo duniya zamanin Sarki Muhammadu Gani, tsakanin 1902 da 1917. Kakansa ya tashi a zamanin Ibrahim Iyalai, wanda ake wa laƙabi da Dodon Gwari, lokacin da namiji ke kwana da kwari da baka a gefen shimfiɗa. Kakan kakansa shi ne saurayin da ya fito Zariya da rigar Sallah a jikinsa, bai sake ganin ɗakin uwarsa ba. Ka ba wannan saurayi sana'a, don a Hausa sana'a gado ce. Ka ce maƙeri ne, tun da runduna ba ta tafiya babu mai gyara mata linzami da bakin mashi. Da ka yi haka ka san ƙofar gidan jaruminka akwai rumfar maƙera, ka san ƙarar uwar maƙera ce ke tashinsa da safe, ka san bayan hannun ubansa duk tabon tartsatsi ne, ka kuma san Buzaye ne abokan wasan gidan.

Sai tambayar da ku marubutan Kano ba ku yi, don kun ɗauka mutum daga uba kaɗai yake faɗowa: mazan nan da suka baro Zariya a gurguje, su wa suka aura? Sun sauka ne cikin Koro da Gade da Gwari, ko Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kakar jaruminka ta wajen uba ta kasance Bagwariya ce da ta musulunta a gidan miji, mai ɗaukar kaya a kafaɗa, mai gina tukunya da hannu tana zagaya ta, ba tare da wata na'ura ba. Sunanta na rana ne, Lami ko Jummai ko Ladi. Ladin ma ka san wata, ko ba ka san tarihinta ba, don Ladi Kwali ce a bayan naira ashirin, ita da ta shiga makarantar tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a garin nan a 1954. Na tabbata ka fi kowa kallon hotonta, tun da ba ka sakin takardar sai ta yi laushi.

In kuma ranka ba zai kwanta ba sai an ɗiga masa jinin Kano, akwai ƙofa. A zamanin Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe hanyar ciniki da Zariya da Bida. Ka ce kakansa na wajen uwa falke ne da ya zo da jakai ɗauke da kanwa da baƙin Kura, ya bayar bashi, ya rantse ba zai koma ba sai an biya shi, har ajali ya same shi yana jira. Wannan kowa zai yarda, ba sai ka kawo shaida ba.

Yanzu aka zo wurin suna, ka ga kuwa ya kusa raɗa kansa. A 1952 babu limamin da zai tashi da asuba a ƙofar gidan maƙeri ya ce an sami Ashraf. Su Ashraf da Fu'ad da Ilham sai daga baya suka cika gari, da makarantun Islamiyya suka yawaita, zuwa Saudiyya ya zama ruwan dare. A wancan zamani sunan kaka ake mayarwa. Kakan Abubakar ne, jika ma Abubakar. Amma ka lura, daga ranar da aka yanka rago babu mai faɗin sunan a gidan. Uban ba zai kira sunan mahaifinsa ba, uwar ba za ta kama sunan surukinta ba. Kai kuwa a babi na uku ka sa ta tsaya a tsakar gida tana kwaɗa masa kira da sunan yanka har maƙwabta na ji. A Kano ne ake wannan rashin ta-ido? Tsohuwar Bagwariyar ce kaɗai ke da bakin magana, ita ma "maigidana" za ta riƙa ce masa, tana tsokanarsa ya kawo kuɗin cefane, shi kuma yana cewa ya sake ta don ta tsufa.

Sunan da za a kira shi da shi a gida kai da kanka ka rubuta dalilinsa ba ka sani ba. Don ka sa mata masu karatu kuka, ka kashe masa yayye uku suna jarirai. To uwar mai wabi ce ke nan, kuma ɗan mai wabi ba a yi masa suna mai ƙyalli. Ana nuna kamar ba a damu da shi ba ne, ko mutuwa ta raina shi ta wuce: Ajuji, Angulu, Barau, Bawa. Kada ka ce sunayen ƙauye ne, duba jerin sarakunanmu ka ga Musa Angulu, 1917 zuwa 1944, ka ga Sulaimanu Barau, 1944 zuwa 1979. Na so in zaɓa masa Bawa, sai na tuna wannan sunanku ne ku duka, kada a rasa gane wanda ake kira. Barau ya ishe shi.

Ga kuma kyautar da zan ba ka, wadda ta fi duk abin da ke cikin littafin. Yaron ba a Suleja aka haife shi ba, don a 1952 babu gari mai wannan suna a doron ƙasa. A Abuja aka haife shi. Ranar da aka kai shi elemantare, malam ya tambayi sunan uba, yaro ya sunkuyar da kai don kunya, sai malam ya yi abin da aka saba, ya rubuta sunan gari. Ta irin wannan hanya aka sami su Aminu Kano da Shehu Shagari. Jaruminka ya zama Garba Abuja a rajista, a takardar shaida, a katin aiki. Yana da shekara ashirin da huɗu, a watan Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birni. Allah ya jiƙan Murtala, amma ka lura Bakano ne. Aka yanki ƙasar masarautarmu, aka haɗa da sunan gari aka tafi, mu kuma muka ɗauki Sule na Sarki Sulaimanu muka haɗa da Ja na Abu Ja. Ka duba halin da Garba ya shiga. Yana zaune a gidan da aka binne cibiyarsa, sunansa ya yi ƙaura ya bar shi. In ya ce shi ɗan Abuja ne a ce yana ƙarya, ko a tambaye shi kwangila. 'Ya'yansa suna rubuta Suleja, shi yana rubuta Abuja, ma'aikacin banki yana tambaya ko riƙonsu yake yi. Da aikin gina birnin ya kankama, ma'aikata suka cika garinmu suna neman haya, sai ya bar maƙera ya koma buga bulo, ya je Makka, kasuwa ta ƙara masa nata. Ya tsufa yana Alhaji Garba Mai Bulo, amma ranar da wata tsohuwa ta ce "Barau" a bayansa, sai ya waiwaya kafin ya san ya waiwaya.

Kada ka ji haushi don Bazazzagi ya gyara maka. A Zariya aka yanke wa ƙagaggen labarin Hausa cibiya, a gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Cikin waɗanda suka yi nasara naku ɗaya ne, Muhammadu Gwarzo. Abubakar Imam kuwa a Kagara aka haife shi, nan Jihar Neja ta yau, kuma sama da shekara casa'in ke nan babu wanda ya manta Malam Zurƙe ɗan Muhamman na littafinsa, alhali jaruman littattafanku na bara ko ku kun manta wanne ne Fu'ad wanne ne Fawwaz.

Budurwar jarumin, Ilham, na bar maka ita. Ka mai da ita Bakanuwa, ka sa mata Kande ko Dije, ka sa ubanta ya yi ta jan ciniki a kan sadaki babi biyu cur. Nan ba ka bukatar taimakon kowa.

Saura lada. Suna ba a raɗa shi a bushe. Ina jiran rago mai ƙaho, ba tunkiya ba, da ƙwaryar goro, da rabon wanzami. Ka haɗa da kuɗin sharar bara da na bana, don watan cika-ciki ya zo ya wuce wayarka tana kashe. In ka ce babu mota, akwai masu tashi daga Unguwa Uku kullum safiya, ka ce a sauke a Suleja, kada ka ce Abuja a wuce da ragona.