Kai Ma Kana Ɗauke da Su, Malam Mai Gardama

Na san abin da za ku ce tun kafin ku gyara zama. Yaro ɗan shekara bakwai yana ta fitsari cikin dare, ba ya rabuwa da kofin ruwa, ya rame cikin 'yan makonni, aka auna aka ce ciwon suga ne. Hajiya ta ce ai uwarsa ce ta sangarta shi da alewa. Malam kuma ya girgiza kai ya ce a bincika, akwai hannu a ciki. To Malam ya fi kusa da gaskiya, kada dai ya fara murna: hannun na jikin yaron ne. A ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara, ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T ne ke bin ƙwayoyin da ke yin insulin a cikin fankiriyas suna kashewa. Wancan na manya mai tafiya da ƙiba da shekaru, zancensa daban.

"Jiki ya yaƙi kansa? Haba, a dai faɗi wata!" Ba kai ka fara wannan musun ba, ranka ya daɗe. Likitoci ma sun daɗe suna tantama, har 1974 da aka gano a Landan cewa jinin wasu masu ciwon yana ɗauke da makaman garkuwa masu kama ƙwayoyin insulin ɗin nasu. Idan wannan bai ishe ka ba, ga na Minisota a Amurka: a shekarun 1980 likitoci suka yanki fankiriyas daga tagwayen da ke lafiya suka dasa wa 'yan uwansu masu ciwon. Tagwaye ne masu kama ɗaya, jiki ba shi da dalilin ƙin dashen. Ciwon ya lafa, sannan cikin 'yan makonni ya dawo, kuma da aka duba naman da aka dasa, sai ga ƙwayoyin T cike a wurin. Alewar wa suka sha, Hajiya?

Yanzu ka dafa ƙashin ƙirjinka. A bayansa akwai wata 'yar tsoka mai suna taimos, wadda aka daɗe ana ɗauka ba ta da wani aiki, sai a 1961 da Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe. Nan ce makarantar horon 'yan sintirin jiki, wato ƙwayoyin T. Suna zuwa daga ɓargo, a nan taimos kowanne ke samun fuskar da zai gane, ba tare da zaɓi ba. Sai a jera musu 'yan gida. Wanda bai gane kowa ba ko kaɗan, ba shi da amfani, ya mutu. Wanda ya ga ɗan gida ya zabura da gora, shi ma a kashe shi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari ba sa fita da rai. Waɗanda suka ci jarrabawa su ne masu gane 'yan gida sama-sama, su kalle su su wuce. Kenan gane kai sharaɗin samun aiki ne, tsananin ne ake tacewa.

Mai kaifin baki zai ce, to insulin a ciki ake yin sa, yaya aka yi ɗalibin da ke ƙirji ya san fuskarsa? Tambayarka ta yi kyau, ban zaci haka daga gare ka ba. Akwai wata ƙwayar gado mai suna AIRE da ke sa taimos ta ƙera ɗan samfurin sinadaran sassan jiki, har da insulin, don a nuna wa ɗalibai. Wasu mutane sun gaji irin ƙwayar gadon insulin da ke sa samfurin ya yi kaɗan a taimos, kuma an ga sun fi shiga haɗarin ciwon.

Ga inda zan ɓata maka rai. Tacewar ba ta cika a jikin kowa. An duba jinin mutane masu ƙoshin lafiya, an samu ƙwayoyin T masu gane ƙwayoyin insulin suna yawo abinsu. Kai da kake karanta wannan kana taɓe baki, da alama kana ɗauke da naka. Cikin abubuwan da suka hana su taɓa ka akwai wani rukunin ƙwayoyin T da aikinsu kawai tsawatarwa, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3 da masu tsawatarwar suka dogara da ita, kuma su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2025. Jaririn da aka haifa da FOXP3 a lalace yakan kamu da ciwon suga cikin watanninsa na farko, bakinsa bai san komai ba sai nono.

Shi ya sa nake dariya idan na ji lasifikar mai magani a kasuwa tana shelar garin da ke "ƙara ƙarfin garkuwar jiki" ga masu suga. Wannan garkuwar ƙarfi ne ya yi mata yawa, malam mai lasifika. Maganin da Amurka ta amince da shi a 2022, teplizumab, rage wa ƙwayoyin T zafi yake yi, ana ƙara shi ta jijiya kwana 14, kuma abin da ya iya shi ne jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara biyu.

Saura ƙorafin Hajiya na ƙarshe, wai allurar insulin in an fara ba a dainawa. Gaskiyarki, ba a dainawa, domin masu yin sa a ciki sun riga sun tafi, kuma babu jiƙon da ke dawo da su. Kafin Janairun 1922, lokacin da aka yi wa Leonard Thompson ɗan shekara 13 allurar farko a Toronto, yaran nan mutuwa suke yi, galibi cikin shekara ɗaya ko biyu. Ki bar uwar yaron ta huta da gori, ki taya ta neman inda za ta ajiye kwalbar insulin ɗin a sanyi idan an ɗauke wuta.